Matan da Suka Hana Idonsu Barci Don Matafiya

A Jamhuriyar Benin, daga Paraku zuwa bakin teku a Kwatano tafiyar fiye da kilomita 400 ce, Jugu kuwa ta ɗan fi haka nisa. Yaron da aka haifa a unguwar Zongo ta Paraku yana iya girma har ya yi furfura bai taɓa ganin hasumiyar fitila ba, wato dogon ginin nan da ake kafawa a kan dutse ko tsibiri, a kunna masa wuta a ƙoli don matuƙan jiragen ruwa su san inda gaɓa take da inda halaka take. Duk da haka, da za a ba tsofaffin matan garuruwan nan biyu labarin matan da suka riƙe irin waɗannan fitilu a Amurka da Ingila, da wuya su ji baƙon abu. Sun san aikin da mace za ta kwana a tsaye saboda wani matafiyi da ko sunansa ba ta sani ba. Kakanninsu sun yi shi shekara da shekaru a kan hanyar goro. Dalilin da ya shigar da matan teku cikin aikin shi ya shigar da na zango, kuma kusan abu ɗaya ne ya fitar da su duka.

A fara da na teku, tunda su ne aka rubuta.

Kafin zuwan lantarki, tsaron fitila aiki ne na mai da lagwani da haƙuri. Rana na faɗuwa za a kunna. Cikin dare a hau matakala da gwangwanin mai a hannu, a datse lagwani don kada ya yi hayaƙi, a wana nauyin da ke juya gilashi in fitilar mai ƙyaftawa ce. Gari na wayewa a kashe, a goge baƙin hayaƙi, a wanke gishirin teku daga tagogi, a dirje tagulla har ta yi ƙyalli, sannan a zauna a rubuta yawan man da aka ƙona da yadda iska ta kwana. Da Bafaranshen nan Augustin Fresnel ya ƙago gilashinsa mai tattara haske a farkon shekarun 1820, fitila ta riƙa kai haske nesa ƙwarai, amma gilashin ya ƙara wa mai gadi aikin shafa da lallaɓawa. Man ya yi ta sauyawa, daga kitsen manyan kifayen teku zuwa man alade, daga nan zuwa kananzir. In hazo ya rufe teku har haske ya kasa ratsawa, sai a koma buga ƙararrawa.

Mutum ɗaya ba ya iya wannan dare da rana, shekara ta zagayo, ba ciwo ba tafiya. Hukuma ma ta san haka. Gidan mai gadi a gindin hasumiya yake, don haka matarsa da 'ya'yansa mata su ne mataimakan da ba a biya. Sunan miji ke cikin takardar albashi, amma ranar da ya kwanta zazzaɓi ko ya shiga gari sayen gari da gishiri, fitila ba ta jiransa.

Saboda haka yawancin matan da aka naɗa a hukumance mutuwa ce ta ba su muƙamin. Hannah Thomas, wadda ake lissafawa ta farko a Amurka, ta karɓi fitilar Gurnet a bakin Plymouth bayan mijinta ya tafi yaƙin neman 'yancin ƙasar, agana ta kashe shi a 1776. A New Zealand, mijin Mary Bennett ya nutse a ruwa a 1855, ita ta ci gaba da kunna fitila, kuma da aka gama hasumiyar Pencarrow, ta farko a ƙasar, ita ta kunna ta ranar 1 ga Janairun 1859. Har aka daina ɗaukar masu gadi a can ba a sake naɗa wata mace ba. Uwa da 'yarta, Mary Louise Clifford da Candace Clifford, sun bi tsofaffin takardun gwamnatin Amurka suka fitar da littafi a 1993, suka lissafo mata fiye da 120 da suka riƙe fitila da sunansu. Waɗanda suka yi aikin da sunan mazajensu sun ninka haka.

Labarin Abbie Burgess shi ya fi nuna yadda abin yake. Tana 'yar shekara 16 a Janairun 1856 mahaifinta ya bar tsibirin Matinicus, wani falalen dutse a tsakiyar teku a jihar Maine, ya tafi gaɓa neman abinci da mai. Yana tafiya guguwa ta taso. Raƙuman ruwa suka rushe tsohon gidansu. Abbie ta riga ta kwashe mahaifiyarta marar lafiya da ƙannenta zuwa sabon gini, ta ruga cikin ruwa ta ceto kajinta, sannan ta riƙe fitilun hasumiya biyu na makonni, ba daren da suka mutu, har uban ya sami hanyar dawowa. Ladan da aka yi wa gidan shi ne, da mulki ya sauya a 1861, aka tuɓe uban aka kawo ɗan jam'iyya mai ci. Ita ta tsaya ta koya wa sabon mai gadin aiki. Daga baya ta auri ɗansa, sai a sannan sunanta ya shiga takarda a matsayin mataimakiya.

Ida Lewis ta fi ta suna. Mahaifinta ya sami shanyewar ɓarin jiki a 1857, watanni kaɗan bayan sun tare a dutsen Lime Rock da ke tashar Newport. Ida da uwarta suka ɗauki aikin, kullum kuma ita ke tuƙa ƙannenta a kwale-kwale zuwa makaranta, abin da ya mai da ita gwanar ruwa. A lissafin hukuma ta ceci rai 18. Wata rana ma, bayan ta fito da mutum uku, ta koma ta jawo tunkiyar da suka bi har suka kusa halaka. Bayan ta tsamo sojoji biyu a Maris ɗin 1869 jaridu suka ɗauke ta, har Shugaba Ulysses Grant ya gana da ita. Da duk wannan, sai 1879 aka naɗa ta mai gadi, bayan ta shekara fiye da 20 tana aikin. Tana kansa ta rasu a 1911. Kate Walker, wata gajeruwar Bajamushiya, ta gaji mijinta a Robbins Reef a mashigar New York. An yi ta tayin wurin ga maza suna ƙi saboda kaɗaici kafin a haƙura a tabbatar da ita, ta zauna har 1919, ta ceci kimanin mutum 50. Juliet Nichols kuwa, da na'urar ƙararrawarta ta lalace cikin hazo a tsibirin Angel kusa da San Francisco a Yulin 1906, ta ɗauki guduma ta yi ta buga ƙararrawa da hannu fiye da awa 20. A Ingila, Grace Darling da mahaifinta sun ceci mutum tara daga jirgin Forfarshire a Satumban 1838. An zana hotunanta, an tara mata kuɗi, amma har tarin fuka ya ɗauke ta a 1842 matsayinta bai wuce 'yar mai gadi ba.

Yanzu a bar teku a hau tudu.

Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Abdullahi Burja. A ƙarni na 19 hanyar ta kai ganiyarta. Bayan an gama kaka, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan haɗa ayari a Kano ko Sakkwato ko Jega, su ɗora wa jakuna da takarkarai kanwa da turkuɗi da riguna da jima da gabu, su nufi Salga, babbar kasuwar Gwanja, tafiyar fiye da kilomita 1,000, su dawo da goron Asante. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da biyan kuɗin hanya, malamin ayari na riƙe da lissafi da addu'a. Sukan biya fito su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo ko Busa, daga nan su shiga Borgu, ƙasar da fatake ke shiga da zuciya a hannu, don 'ya'yan sarautar Wasangari ba su ɗauki tare ayari abin kunya ba, kuma dakarun jihadi ba su taɓa cin ƙasar ba. Mai son ya wuce lafiya sai ya yi gaisuwa a kowace fada, kuma ya tabbata magariba ta same shi a zango.

Nan amfanin Nikki da Paraku da Jugu yake. Jugu, wadda fatake ke kira Zugu, gari biyu ne a haɗe: Kilir inda sarki yake, da Wangara inda 'yan kasuwa Musulmi suka zauna, Wangarawa da Dendawa da Hausawa da Barebari, har suka narke cikin harshen Dendi. A Paraku akwai sarautar Akpaki, a gefenta kuma Ba-Parakpe, shugaban 'yan kasuwa da baƙi. Bayan Sarkin Nikki ya mutu a yaƙin Ilori a shekarun 1830, ƙarfin Nikki ya ragu, tauraron Paraku ya fara haskawa. Kilomita 130 da 'yan kai ne tsakanin Paraku da Jugu, amma ga mai jaki tafiyar kwanaki ce cikin daji.

Baturen nan Hugh Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama, a gabashin Borgu, a 1826, ayarin na dawowa daga Gwanja. Ya ce mutanen sun haura 1,000, maza da mata, dabbobin ma kamar haka, kuma ya ga mata ɗauke da kaya niƙi-niƙi a ka, wasu bayi, wasu 'yan dako da suka yi jinga. Mai karatu ya tsaya ya yi lissafi da kansa. Mutum dubu sun iso gari da la'asar sakaliya, ƙafafu sun kumbura, maƙogwaro ya bushe. Wa zai ɗebo ruwan da za su sha, su yi alwala, su shayar da jakuna, su yayyafa wa goro don kada ya bushe ko ya yi sankara? Wa zai yi surfe da daka da niƙa, ya tuƙa tuwo, ya dama fura, ya dafa doya, ya soya ƙosan da za a karya da shi kafin a ɗaura kaya da asuba? Wa ya yo itacen? A Salga, inda ruwa ke da wuya duk da yawan rijiyoyinta, har ruwa da itace sayar da su ake yi. Duk wanda ya san yadda ake raba aiki a gidajen wannan yanki ya san amsar.

Tsarin saukar baƙi sananne ne. Falke yana da maigidansa, ko fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi, ya karɓi la'ada. Sunan maigida ake kira a hanya: gidan wane za mu sauka. Amma abin da ke sa falke ya koma gida ɗaya shekara bayan shekara, rabinsa amanar maigida ce, rabinsa abin da ke fitowa daga cikin gida a akushi. Masu binciken da suka zauna da Hausawan kudu a ƙarni na 20, irin su Abner Cohen a Sabon Ibadan da Polly Hill a Kumasi, sun tarar da tsarin da ransa. Cohen ya nuna yadda harkar maigida ta dogara da matansa masu dafa wa baƙi, da yadda matan kulle ke juya jarinsu na abinci ta hannun yara 'yan talla. An ce baƙonka annabinka, amma hidimar wannan baƙo a wuyan uwargida da kishiyoyinta da kuyangi take sauka.

Hatta hasken da ake gani da shi a zango daga hannun mata ya fito tun daga tushe. Fitilar lokacin kasko ne na yumɓu ko na ƙarfe, da lagwanin auduga, da man kaɗanya. Mata ke fita da sassafe a farkon damina su tsinto 'ya'yan kaɗe, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, su yi ta bugu har mai ya taso. Su ne kuma ke kaɗa audugar da ake murza lagwani da ita. Mai gadin fitilar teku jirgin gwamnati ke kawo mata mai a ganga, a auna mata. Matar zango ita ce matatar, ita ce mai kunnawa. A hasken wannan kasko ake kwance huhu a tsince ruɓaɓɓen goro, a ƙirga wuri, malamin ayari ya rubuta wasiƙa. Ayarin da dare ya yi masa a hanya kuwa, hayaƙin murhu da jan wutar da ke bakin gari su ke gaya masa ya iso.

Akwai matan da suka riƙe gidan baƙi da kansu, kuma a nan ma takaba ce ta buɗe musu hanya. A Kulfo, babbar kasuwar ƙasar Nufe inda ayarin Borgu da na Hausa ke haɗuwa, Clapperton ya sauka a gidan wata bazawara mai suna Ladi a 1826. Ya ce ana lissafa ta cikin masu arziki, tana cinikin gishiri da kanwa, mata fatake na sauka a gidanta da kayansu, kuma kowane dare zaurenta cike yake da jama'a, don har giya da bammi takan sayar. Wannan ma ya isa tuni cewa ba duk mazauna zango ne malamai ba. A Wawa kuma, cikin ƙasar Borgu, ya haɗu da Zuma, bazawara 'yar Balarabe, mai dukiya da bayi masu yawa, wadda ƙarfinta ya kai har Sarkin Wawa na ɗari-ɗari da ita. Sunayen nan biyu sun tsira ne don wani baƙo mai alƙalami ya kwana a garuruwansu. Matafiyan da suka ratsa Borgu sun fi damuwa da sunayen sarakuna da madugai da limamai.

Gidan Ɗantata ma yana da nasa misalin. An haifi Alhasan a Bebeji a 1877 cikin Agalawa masu fataucin Gwanja. Mahaifiyarsa, Amarya, 'yar kasuwa ce mai jarinta, kuma bayan rasuwar mijinta ta tafi Akra ta ci gaba da harkarta. Yaran suka tashi a hannun wata tsohuwar baiwa da ake kira Tata. Sunan wannan baiwa ne yau ke kan kamfanoni da tituna, ba don wani ya yi niyyar tunawa da ita ba, sai don an saba kiran yaron da ta rena da shi.

Kada kwatancin ya wuce gona da iri. Fitilar teku tana cewa jirgi ya yi nesa da dutse, wutar zango tana cewa baƙo ya matso. Matar hasumiya ma'aikaciyar gwamnati ce mai albashi, ko da kaɗan ne, cikin kaɗaici. Matar zango tana cikin hayaniya, ba ta da albashi, amma in 'ya ce tana da ribar furarta da man kaɗenta, kuɗin da miji ba shi da iko a kansu. In baiwa ce kuwa ba ta da ko ɗaya. Wannan ɓangaren ne masu kewar zamanin ayari ba su cika son a taɓo ba. Hanyar da ta kawo goro ita ta kai bayi kasuwar Salga, kuma da yawa daga hannayen da suka tuƙa tuwon fatake sayo su aka yi. Hausawa sun ce dare mahutar bawa, amma ranar da ayari ya sauka ko wannan hutun babu.

Rushewar hanyar ta zo daki-daki. A 1874 Ingilishi suka ƙone Kumasi, Salga ta ɓalle daga Asante, goro ya fara neman wasu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga, 'yan kasuwa da malamai irin su Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, suka koma Kete-Karachi da wasu garuruwa. A 1894 Baturen Ingila Lugard da Bafaranshe Decoeur suka yi tseren isa Nikki da takardun yarjejeniya, a 1898 Ingila da Faransa suka raba Borgu biyu. Falken da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja ya wayi gari yana ratsa ƙasar Ingilishi da ta Faransawa da ta Jamusawa, kowa da kwastansa. Sai kuma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Alhasan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara gane cewa ya fi sauƙi a loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, a ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa Arewa. Goron da a da ke kwana a gidajen Jugu ya koma wucewa ta gaban hasumiyar fitila ta Akra. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka dasa irin goron Gwanja a wajen Agege da Shagamu, aka daina ma buƙatar zuwa nesa.

Jugu ta ji jiki. Paraku kuwa dogo ya cece ta. A 1936 layin da ya taso daga Kwatano, kilomita 438, ya iso garin ya tsaya, bai ƙara gaba ba har yau. Wannan tsayawa ita ta zama arzikin Paraku a lokacin, don duk abin da zai shiga Nijar sai an sauke shi daga tarago an ɗora a mota. A shekarun 1950 Faransawa suka shirya jigilar da suka kira Hirondelle, manyan motoci na kawo gyaɗar Nijar suna komawa da kayan kanti, a 1958 aka buɗe gadar Kwara tsakanin Gaya da Malanville. Daga baya har yuraniyom ɗin Arlit ta nan ya riƙa bi zuwa teku. Sabon ayari ya samu, na direbobi da 'yan kamasho da yaran mota daga Doso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram.

Matan ba su bar aikin ba, wuri suka sauya. Daga madafar cikin gida suka fito bakin tasha da gefen kasuwar Arzeke, da tebur da benci da tukwane. Kaskon man kaɗe ya ba aci-balbal wuri, ita ma ta ba fitilar ƙwai, daga nan ƙaramin janareto, yau kuma fitilar caji ko ta sola. Direban da ya kwana biyu a hanya ya san teburin da zai nufa ƙarfe biyun dare ya sami sakwara ko wasa-wasa ko shinkafa da soyayyen wagashi. Zai ce, «Hajiya, a taimaka da na zafi,» ta ce, «Sannu da hanya, ɗana, zauna.» In kuɗinsa sun ƙare ta bi shi bashi har dawowa, in yana da saƙo ya bar mata, in wani direba ya yi hatsari a hanyar Kandi a bakinta za a fara ji. A wani fannin ma an ci gaba, tunda yanzu da sunanta ake kiran wurin, ba da na miji ba.

A teku kuwa sauyin korar mata ya yi kafin ya kori kowa. Da aka fara kafa injinan busa ƙaho masu aiki da tururi a ƙarshen ƙarni na 19, hukuma ta ce aikin ya zama na injiniya, naɗin mata ya ja baya. Fannie Salter ta nemi gadon mijinta a Turkey Point a 1925 aka hana ta, sai da maganar ta kai ga Shugaba Calvin Coolidge. A 1939 aka miƙa fitilun Amurka ga rundunar tsaron gaɓar teku, aikin ya koma na masu kaki. Fannie ta yi ritaya a 1947, bayan lantarki ya mai da aikin dare guda zuwa danna maɓalli. Tun kafin nan wani ɗan Sweden, Gustaf Dalén, ya ƙago na'urar da ke kunna fitila da kanta in rana ta faɗi, ta kashe in ta fito, ya ci kyautar Nobel a 1912. Ingila ta sallami masu gadinta na ƙarshe a North Foreland a 1998. A Amurka, mai gadi ta ƙarshe a duk ƙasar mace ce, Sally Snowman, wadda ta ajiye aiki a hasumiyar Boston a ƙarshen 2023.

Ita ma matar tasha ana ta rage mata aiki. Wayar hannu ta karɓe saƙo, tura kuɗi ta waya ya karɓe ajiya, masaukin haya ya karɓe ɗakin baƙi. Jirgin fasinja ya daina zuwa Paraku, jigilar kaya ta koma kan kwalta kai tsaye daga Kwatano. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar gadar a toshe, motoci da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. An yi ta maganar asarar tashar jirgin ruwa da ta masu motoci. Mai tebur da ta rage mudun shinkafar da take dafawa ba ta shiga labarai ba.

Ba wanda ya san nauyin tulu da zafin murhu da zai roƙi a dawo da zamanin ayari, kamar yadda ba matuƙin da zai yar da na'urar tauraron ɗan'adam ya koma dogaro da lagwani. Inda aka bambanta shi ne wajen tunawa. A shekarun 1990 rundunar tsaron gaɓar Amurka ta sa wa sababbin jiragenta sunayen Ida Lewis da Katherine Walker da Abbie Burgess, kuma ta iya yin haka ne don akwai takardar albashi da littafin aiki da aka adana. Paraku ta karrama Bio Gera, wanda ya yi wa Faransawa tawaye a 1916, da Hubert Maga, ɗan garin da ya zama shugaban ƙasa na farko a 1960. A 2022 an kafa wa mayaƙa mata na Dahomey mutum-mutumi mai tsawon mita 30 a Kwatano. Duk sun cancanta. Amma garuruwan arewa biyun nan saukar baƙi ce ta raya su fiye da yaƙi, kuma masu wannan aiki ba su bar takarda ba.

Abin da suka bari yana bakin jikokinsu. Jami'ar Paraku tana nan tun 2001, akwai gidajen rediyo masu magana da Dendi da Batonu da Hausa a garuruwan biyu, akwai ɗaliban tarihi a Yamai da Sakkwato da Kano da ke neman abin rubutawa. Yarinyar da ke tallar ƙosai a tashar Paraku shekarar da aka buɗe gadar Gaya yanzu ta doshi tamanin, kuma ta tashi a gaban tsofaffin da suka ga ayarin jakuna da idonsu. A je a gaishe ta, a zauna, a tambaye ta sunan uwarta da na kakarta, da gidan da suka yi wa baƙi girki, da fataken wane gari ke sauka a wurinsu, a rubuta.